Kobon Innarki

Abaji, 3 ga Maris

'Yata Muhibba,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da aikin ofis. Maƙwabciyarmu Hadijatu ke rubuta mini, don idon ya tafi gaba ɗaya. Ki aiko mini da gwangwanin tsofaffin kuɗina da na ba ki ajiya sa'ad da za a kwantar da ni asibiti. Kin sha yi mini dariya wai ban tara sai waɗanda suka suɗe. To, su ne suka sha hannun mutane. Yanzu da yatsa nake gani, ina son in shafa kobon nan mai huji da na ba marigayiya Innarki toshi. Shekara arba'in yana ƙulle a haɓar zanenta.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki, Sale

Nyanya, 7 ga Maris

Oga Zacharias,

Barka da aiki. Ka tuna gwangwanin da ka gani a but ɗin motata, na ce ka ɗauka, tarkacen tsoho ne? Don girman Allah ka dawo mini da shi. Bakina ne ya ja mini, ga shi Baba ya aiko wasiƙa yana nemansa.

Muhibba

Apo, 8 ga Maris

Hajiya,

Ina gaisuwa. Wallahi kin makara. Wanda ba huji yana nan, na ajiye. Amma mai huji duka na yi wosha da shi, na ɗaure noti, yana kamawa sosai. Na ƙarshe, wani mai santsi, ya shiga bas na Lokoja. Ban san lamba ba. Yi haƙuri, da kin faɗa.

Zacharias, makanike

Nyanya, 15 ga Maris

Baba,

Ina durƙushe ina gaishe ka. Ga gwangwani nan, amma masu hujin da ke ciki ba naka ba ne. Wurin dillali na sayo su, masu ƙyalli, da niyyar in ce maka wankewa na yi. Na kasa. Ni na ba wani makanike ajiyarka kyauta da hannuna, don ina jin kunyar a ga tarkace a motata. Ina jin kobon Inna shi ne mai santsin da ya ce yanzu yana ɗaure a ƙarƙashin wata bas mai zuwa Lokoja, an yi matashin noti da shi. Ban san cewa akwai nata a ciki ba, Baba, don ko sau ɗaya ban taɓa zama na tambaye ka ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Ka yafe mini.

'Yarka, Muhibba

Abaji, 19 ga Maris

Muhibba,

Na shafa su ɗaya bayan ɗaya. Kyawawa ne, amma ba su san kowa ba. Ki mayar wa mai su.

Na yafe miki duniya da lahira. Motocin Lokoja ta ƙofar gidanmu suke bi. Na sa an fitar mini da kujera bakin titi.

Babanki