Mutum na Goma Sha Biyu

Rafin Ɗinya, 3 ga Rajab

Godiya ta tabbata ga Allah Mai gadon ƙasa da abin da ke kanta, tsira da aminci ga Manzonsa.

Zuwa ga yayana Malam Sada a Alƙahira. Assalamu alaikum. Ina gaida Nana Zahra da yara.

Yaya, tun da rafi ya ƙafe kasuwar Laraba ta daina ci, firamare ta zama makwancin awaki. Jiya muka binne Muslim maƙeri. Yanzu masu bina sallah goma sha ɗaya ne, har da Ya'ƙub kurma. Ka fi ni sanin cewa a mazhabarmu Juma'a ba ta tsayuwa sai da mazauna gari goma sha biyu, ban da liman. Masallacin da Baba ya gina bai taɓa fashin Juma'a ba. Ka dawo ka cika mu.

Ƙaninka, Harun

Ainu Shams, Alƙahira, 20 ga Rajab

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah Ya jiƙan Muslim.

Na so in zo ziyara, amma ni da kai mun san baƙo ba ya shiga ƙidaya.

Ga abin da ke damuna. Ranar Juma'a na waiwaya a masallacin unguwarmu, sai na ga samarin Rafin Ɗinya tara a sahu guda. Ni na nema wa kowannensu gurbin karatu, ina zaton alheri nake yi wa gari. Yau tafinta suke yi wa 'yan sari a kasuwar Ataba. Na tara su, na karanta musu wasiƙarka. Hasan ɗan marigayi Muslim ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Baba Malam, in mun koma me za mu ci? Huɗuba?" Suka yi dariya, sannan kowa ya sunkuyar da kai.

Ni zan dawo da niyyar zama, bayan Ƙaramar Sallah, da zarar likitan ido ya sallame ni. Ka riƙe mini goma sha ɗayan nan.

Yayanka, Sada

Rafin Ɗinya, 6 ga Shawwal

Yaya, bayan gaisuwa, kada ka wahalar da kanka. Ya'ƙub ya bi 'yarsa Kano, mai shayi ma ya ɗaure teburinsa a kan mota. Saura tara, ko ka zo ba ka cika mu. Na ba Alhaji Ayman mai zuwa sari sandar huɗubar Baba ya kawo maka. Ai jama'ar tana wurinka.

Harun

Ainu Shams, 19 ga Shawwal

Harun, sanda ta iso. A nan babu mumbarin da ke jiran ta, don haka da ita zan dogara in taho. Za mu yi Azahar raka'a huɗu kowace Juma'a, kuma wanda ya riga ɗan'uwansa a cikinmu ba zai rasa mai yi masa wanka ba.

Allah Ya yafe mini, Ya yi maka albarka, Ya kare duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa daga ganin mutuwar garinsu. Amin.

Sada