Abu Muhammad Nawa Ne?

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
Farkon Sha'aban

Zuwa ga Kawu Ɗanladi, a Jidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna Fatsuma da Yaya Nasir da duk teloli. Ya ido? Allah ya ƙara sauƙi.

Kawu, albishirinka! Aiki ya kammala. Duk hotunan takardun awon da Yaya Nasir ya turo mini na shigar da su cikin sabuwar manhajar kwamfuta ta shagon. Wallahi na sha wuya, don Larabcina bai wuce na Islamiyya ba, rubutunka kuwa sai kai. Sunaye da lambobi na kwashe, 'yan zane-zanen da kake yi a gefe na bar su. Yanzu in mutum ya zo ɗinkin jallabiya, Yaya Nasir zai buga sunansa kawai, awonsa ya tafi allon masu yanka a can ɗakin ɗinki. Ba sai ka ƙura wa takarda ido ba.

Malamar da ke duba bincikena, 'yar Malesiya ce, ta ji daɗi ƙwarai da na ce shagonka zan yi misali da shi a kan yadda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa ke karɓar fasahar zamani. Sai "boleh, boleh" take yi, wato "zai yiwu" da yarensu. Ita ta ce in share maimaici tukuna, kuma ta yi gaskiya. Na tarar suna ɗaya ya fito sau barkatai da awo iri-iri. Na haɗe su, na bar na baya-bayan nan.

Mama ta gaya mini Yaya Nasir ya ce in shagon bai farfaɗo a Sallar nan ba, a daina ɗinki a zuba wayoyi. Ka kwantar da hankalinka, shagon Kaka ba zai rufe ba.

A gaida kowa da kowa.
'Yarka, Raudatu

Jidda
Ƙarshen Sha'aban

'Yata Raudatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ya maigidan naki Fatihu, ya karatu? Nasir ne ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, ko da zaginsa nake.

Abin naku ya iso. Ban gane shi ba, amma an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma duk shagunan layinmu sun sa irinsa. A da mutum kan zo ya zauna, a zuba masa gahawa, in tambayi iyalinsa, in lalubo takardarsa. Yanzu Nasir ya danna, kwas-kwas, shi ke nan. Mutum ya fita gahawa ba ta huce ba. Ni kuma ina zaune kamar baƙo a shagon ubana. Masu yanka ma ba na jin ɗuriyarsu, suna can bayan kasuwa suna kallon allo.

Takardun kuma wannan yaron ya kwashe su a buhu ya ba masu shara. Wai sun tare wuri. To, Allah ya kyauta.

Ya ce in tambaye ki: me ya sa in ya buga Abu Muhammad, guda ɗaya tak ke fitowa? Na ce masa ni ina na sani, tambayi mai abin.

Allah ya nuna mana azumi lafiya. Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

Wangsa Maju
Goman tsakiya na azumi

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ko da yake lokacin da muke sha ku rana na tsaka. Ka yafe jinkirin amsa. Ruwan sama ake yi kullum da la'asar, ga jarrabawa, ko girki ba na samu, sai dai Fatihu ya yo mana tapau, wato dafaffen abinci a ƙunshe, daga kasuwar azumi.

A gaya wa Yaya Nasir haka abin yake, guda ɗaya ya kamata ya fito. Aikin sharar da na yi ke nan.

Amma Kawu, ashe ɓoye mana arziki kake yi! Wane ne wannan Abu Muhammad ɗin? Daga nan ina ganin duk abin da ke shigowa, kuma bawan Allahn nan shi kaɗai ya ba da ɗinkin jallabiya kusan arba'in. Wata rana ma sau uku ya zo. Na yi ta lissafi na kasa gane me mutum ɗaya zai yi da su, duk awo ɗaya, amma yadi kala-kala. Fatihu ya ce ƙila sadaka zai raba. Na ce to sadakar sai ga masu tsawonsa kaɗai? Bayansa akwai wani Abu Abdullahi, shi ma ba laifi.

Na nuna wannan a aji ranar Talata, a matsayin hujjar cewa fasaha na jawo manyan kwastomomi. Har tafi aka yi mini. Shawarata, a aika masa da turare mai kyau, kada wani shagon ya ƙwace mana shi.

A gaida Inna.
Raudatu

Jidda
Goman ƙarshe

Raudatu,

Salamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice, don raina a dagule yake.

Wane Abu Muhammad? Mai gidan burodi, ko ladanin masallacin kasuwa, ko direban bas, ko na kantin magani, ko maƙwabcina dogo? Ke, rabin mazan unguwar nan Abu Muhammad ne! A nan ba a kiran magidanci da sunan yanka, rashin kunya ne. Da sunan babban ɗansa ake kiransa, kuma wane uba ne ba ya son ɗan farinsa ya zama Muhammadu? Akwai waɗanda muke tare tun ina da baƙin gashi, wallahi ban san sunansu ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Jiya maƙwabcina ya zo karɓar tasa. Mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shago. Ya shiga gwaji. Ya fito, jallabiya ta tsaya masa a ƙwauri, hannu bai kai gwiwar hannu da kirki ba. Ya dube ni, na dube shi. Na ɗauka idona ne, sai da na shafa. Na aika Nasir ɗakin ɗinki, ya dawo da tari, muka jera su a kan tebur. Inna lillahi! Duk tsawo ɗaya, kamar an yi wa 'yan makaranta.

Masu yanka sun ce su allo suka bi. Nasir ya ce shi suna ya buga. Ke kin ce haka abin yake. To ni wa zan kama? Ki yi mini bayani da Hausar da zan gane, Sallah ta matso.

Kawunki

Wangsa Maju
Goman ƙarshe

Kawu,

Assalamu alaikum. Na shiga uku. A cikin jirgin ƙasa na karanta wasiƙarka, har na wuce tasharmu ban sani ba, sai a Gombak, tashar ƙarshe, na farga.

Ga bayanin. Na ɗauka duk Abu Muhammad mutum ɗaya ne da ke zuwa a sake auna shi. Har na ce a raina, wannan bawan Allah jikinsa bai da tabbas, yau ya ƙaru gobe ya ragu. Sai na haɗe su, na bar awon wanda ka auna a ƙarshe. Haka na yi wa Abu Abdullahi da Abu Ahmad. Don Allah a tsayar da masu yanka yanzu yanzu.

Hotunan takardun suna nan a kwamfutata, ba su ɓata ba. Amma ban san wanne ne na wa ba. Zane-zanen nan na gefe, su ne shaidar? Akwai mai kama da ƙwallo, akwai mai kama da tsani, akwai wanda ban san ko tsuntsu ba ne ko almakashi. Na turo wa Yaya Nasir duka.

Na je wurin malamata ina kuka. Ta saurara, ta ce su ma a nan ba a rasa masu suna ɗaya, amma kowa da lambar katinsa, me ya sa shagon bai karɓi lamba ba? Fatihu ya ce in kana so in taho, zai nema mini jirgi. Ban iya ɗinki ba, amma ko guga na yi.

Ka yafe mini, Kawu.
Raudatu

Jidda
Jajibirin Sallah

'Yata,

Wa alaikumus salam. Share hawayenki, ki zauna inda kike. Zuwanki ba zai ƙara wa yadi tsawo ba.

Ƙwallon nan burodi ne, wato mai gidan burodi. Tsanin kuma maƙwabcina dogo ne. Tsuntsun kuwa ni ma ban sani ba. Nasir ya ƙara girman hoton har ya cika allo, na kalla na kalla, ban tuna abin da nake nufi ba. Wasu na gane, wasu na yi kirdado, biyu kuma na sake ɓatawa da hannuna, wannan ba laifinki.

Wanda na auna a ƙarshe ladani ne, shi kuwa gajere ne ƙwarai. Da dogon ne, da an rage wa kowa. Shi kaɗai ya karɓi tasa yana sa mana albarka, bai san abin da ake ciki ba.

Na bi gidaje da tef a wuya, ina sallama ina ba da haƙuri. Abin da ban taɓa yi ba tun da na gaji shagon nan. Mun sayo sabon yadi, teloli sun yi iya ƙoƙarinsu, an fitar da fiye da rabi. Sauran ba za su samu ba. Na maƙwabcina yadin daga Masar ɗansa ya aiko masa, babu irinsa a kasuwa. Na ce in yi masa da wani, ya ce a'a, in ba shi kayansa haka nan. Ban gane nufinsa ba, kuma na ji kunyar tambaya.

Nasir bai sake maganar wayoyi ba. Ban sani ba ko tausayi ne ko jira yake Sallah ta wuce. Ga shi nan yana rubutawa, bai ɗago kai ba.

Allah ya karɓi ibadunmu.
Kawunki

Jidda
Bayan Sallah

Raudatu,

Salamu alaikum. Barka da Sallah, ke da Fatihu.

Kin yi ta aiko tambaya, ga amsa. Maƙwabcina ya sa jallabiyar. A sahun gaba ya tsaya a Idi, ƙwaurinsa a waje, duk unguwa ta san ɗinkin wa ke jikinsa. Ba wanda ya ce mini uffan. Da zagina suka yi, da ya fi mini sauƙi.

Yau ya shigo shago. Ya sha gahawa, ya tambayi lafiyar idona, ya tambayi Innarki. Da zai tashi sai ya ce, "Ya Abu Nasir, auna ni ka rubuta mini a takarda, in ajiye a wurina." Ke ma kin san inda takardar za ta, wurin wani telan.

Na auna shi a tsanake, na rubuta masa, na raka shi har bakin titi. Da na dawo Nasir ya ce ko a zuba mini gahawa, na ce ya bari tukuna.

Ki gaida mutanen Malesiya.
Kawunki, Ɗanladi