Ruwan Arba'in na Gimbiya Smaranda

Zuwa ga Yayata Ilinka, a Torino, ƙasar Italiya.

Kin kalli jana'izar Gimbiya Smaranda a talabijin ɗin tsohon da kike jinya, kin ga ministoci da sojoji da furanni har ƙofar coci, sai kika ce a ranki ai an yi mata komai, ko ba haka ba? Idan haka kika ce, ki nemi wuri ki zauna ki karanta takardar nan har ƙarshe. A waya ba kya bari in kai aya. Da na ɗaga murya sai ki ce tsoho na kira, ki kashe.

Inna ta leƙo ta bayana ta ce wace irin wasiƙa ce wannan babu gaisuwa, ko a garejin faci aka haife ni. To, gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Yaya. Allah ya ƙara miki lafiya, ya kiyaye miki bayan da kike ɗaga tsohon nan da shi, ya sanyaya zuciyar 'ya'yansa a kanki. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. An tsinke inabi, bana bai yi auki ba amma ya yi zaƙi. Masara ta shiga rumbu. Rufin da kika gyara mana ko ɗigo bai ƙara yi ba. Mitika direba zai ba ki wannan takarda tare da kwalbar zuma da cuku da safar ulu da Inna ta saƙa miki. Ta ce ki duba cukun da kyau, wai Mitika in ya ji yunwa a hanya ba ya sanin kayan amana.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da aka binne Gimbiya ba a ɗebo mata ruwa yadda ya kamata ba, ga shi arba'in ɗinta ya matso. Kin fi ni sanin abin da nake nufi, domin ke kika ɗebo wa Baba nasa. Ina ƙarami a lokacin, amma har gobe ina ganin ki da sassafe, sanda a kafaɗa, bokiti biyu suna lilo, kina shiga gidajen maƙwabta kina juye musu a randa, kina cewa su sha don ran Baba kada ya ji ƙishi a hanya, su kuma suna cewa Allah ya karɓa. Kwana arba'in kika yi haka, har kafaɗarki ta yi kanta. Ɗaya daga cikin gidajen da kike shiga shi ne babban gidan Gimbiya.

Su mutanen Bukarest, babban birninmu, tasu Gimbiyar daban. Kullum hoto ɗaya suke nunawa, wanda ta rungumi yaron gidan marayun da ma'aikata ke tsoron taɓawa. Suna maimaita cewa a babban gidan nan aka haife ta, tsohuwar gwamnati ta ƙwace gidan, aka fita da ita ƙasar waje a nannaɗe cikin bargo, ta girma tana aikin jinya a asibitocin wasu, da mulki ya sauya ta dawo aka mayar mata da gidan, ta shiga gidajen marayu ta tona wa hukuma asiri a idon duniya. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Amma ba su san tsohuwar da mu muka sani ba, mai takalmin roba da rigar sanyi mai faci a gwiwar hannu, mai magana da harshenmu ta hanci har yara na kwaikwayon ta a bayan katanga, mai rowar itacen wuta kamar ita ta shuka dajin. Ba su san ta taɓa korar shugaban ƙaramar hukuma da tsintsiya ba don ya taka mata kabeji.

Ni kuwa ɗakin ƙasa na sani, inda ta jibge littattafai ta bar ƙofa a buɗe. Da na bar makaranta na koma facin taya, can nake zuwa da baƙin mai a farce. Ba ta taɓa koya mini komai ba, ko sau ɗaya. Abin da kawai take cewa shi ne in wanke hannu, jaki. Wata rana na karanta tarihin boren manoma, jinina ya tafasa, na hau sama na same ta tana ɓare wake, na gaya mata a fuska cewa kakanninta gumin kakannina suka sha, kuma dutsen gidan nan duk a bayanmu aka ɗauko shi. Na zaci za ta kore ni. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Cewa ta yi ashe littafi na ɗaya kawai na karanta, in je in ɗauko na biyu, abin da danginta suka yi a ciki ya fi muni, kuma in zan fita in rufe ƙofa, zafin ɗaki na tsiyayewa. Yaya, yanzu wa zan hau sama in zaga? Na gama littafi na rasa wanda zan yi wa masifa a kansa.

Ki tuna ranar ƙarshe ta ruwan Baba. Inna da Goggo Safta suna tsaye a bakin rijiyar babban gida, sun sha ba ni labarin har na haddace. Gimbiya ta karɓi bokiti a hannunki ta ce ita ba ta da 'ya, danginta kuma duk sun zama mutanen Suwizalan, in ta mutu ruwan kwalba za su aiko mata, don haka ke take roƙo ki ɗebo mata nata. Kika yi dariya kika ce kin ɗauka, amma ta yi ƙoƙari ta mutu da rani, ke ba kya son sanyi. Ta ce za ta duba. Bayan haka shekara nawa kika yi kina dafa mata abinci, da ta karye a ƙugu ke kika yi ta juya ta a gado. A wurinta kika koyi jinyar da yau kike sayar wa Italiyawa.

To, abin da ta faɗa da wasa ya tabbata. Ɗan ɗan'uwanta ya zo da mutanen gidauniyar da aka kafa da sunanta. Suka kulle babban gida wai za a mai da shi gidan tarihi, har da ɗakin ƙasa, har da rijiya, an ɗora mata murfin gilashi don masu yawon buɗe ido su leƙa. Wani ya ba su labarin al'adarmu ta ruwa, sai abin ya burge su. Ranar Asabar sai ga babbar mota cike da ruwan kwalba, kowace kwalba da fuskar Gimbiya a manne, ga masu kyamara a baya. Suka jera tsofaffinmu a gaban coci, wata budurwa mai jan baki tana miƙa wa kowa, tana cewa su yi murmushi. Goggo Safta ta juya tata kwalbar ta ce ashe haka Gimbiya ta rame a lahira. Ta tambayi budurwar wa ya ɗauko ruwan a kafaɗa, ta ce mota ce, sai Goggo ta ce to Allah ya kai ladan kabarin motar. Kaka Veta, da ba ta ji sosai, ta karɓi biyu ta ce za ta jiƙa wa kaji dusa. Ni na buɗe baki zan yi magana, Fada, limamin cocinmu, ya riƙe mini hannu ya ce ba yau ba, Stelian. Da yamma aka nuna mu a labarai, wai ƙauyen Gimbiya ya cika mata al'ada.

Tun kafin wannan wasan kwaikwayo Inna ta ɗauko tsohuwar sandarki daga bayan rumbu. 'Yanmatan da za a sa duk suna inda kike, ko Madrid, ko Landan. Waɗanda suka rage ko dai sun tsufa ko ba su kai tsawon bokiti ba. Tunda an rufe rijiyar babban gida, sai take gangarawa rijiyar bakin kwari. Kin san gwiwoyinta. Rabin bokiti take ɗauka, tana hutawa a kowane shinge. Ranar Talata raɓa ta daskare, santsi ya kwashe ta a gangaren gidan su Veta, ta zauna cikin ruwan, gwiwar hagu ta kumbura kamar kabewa. Ta hana ni gaya miki. Ga shi na gaya miki, ta yi mini duk abin da za ta yi. Washegari na saɓi sandar da kaina, ban kai gida na biyu ba Goggo Safta ta tare ni a hanya. Ta ce tun da aka kafa ƙauyen nan ba a taɓa jin ruwan ƙato ya isa lahira ba, in ajiye kafin in jawo wa matacciya abin dariya, in kuma ɗaukar ruwa nake sha'awa in sa siket tukuna. Ta ƙara da abin da ya fi ci mini rai, wai ko na Inna ma ruwan aro ne. Mai alkawari tana raye, don haka ba a lissafa shi sai ke kin zo kin ɗauki sandar ko da kwanakin ƙarshe ne, ko kuma kin faɗa da bakinki a gaban mutane cewa kin sauke. Inna ta ji haka, amma yau ma da asuba ta ɗaure gwiwa da ganyen kabeji ta fita.

Kada ki ce mini yaushe na zama mai bin maganar tsofaffi. Ban zama ba. Na karanta abin da ya ishe ni in san cewa wanda ke ƙarƙashin ƙasa ba ya jin ƙishi. Amma na ga abin da ruwan nan yake yi wa masu rai. Lokacin Baba, kowace safiya sai an buɗe miki ƙofa, sai an ambaci sunansa, sai wata ta ba ki tuffa ta tambayi Inna ta ci abinci kuwa. Matar nan da ta ɗauki 'ya'yan da kowa ya ƙi, ta bar wa ɗan faci ƙofa a buɗe, a ce sunanta ya ƙare a jikin kwalbar roba cikin kwata? Kuma tunda takarda ce ba waya ba, bari in faɗi sauran. Ina kewar ki, Yaya. Gidan nan shiru ya yi masa yawa. Inna tana tuƙa tuwon masara na mutum uku har yanzu, sai ta ga ya ragu ta ce hannunta ne ya zarce. Rabona da jin kin kira ni mai bakin reza a tsakar gida har na manta yadda muryarki take in ba ta cikin waya ba.

Na san abin da za ki ce, kuma ba ƙarya ba ne. 'Ya'yan tsohon ba sa ba da hutu, in kin taho wata za su ɗauka kafin motar Mitika ta tsallake iyaka. Na san maganin Inna daga wane gumi yake fitowa, ina kuma kwana ƙarƙashin rufinki. Ban ce ki zubar da aikinki don matacciya ba. Cewa na yi ki zaɓa, ki daina barin tsohuwa mai gwiwa ɗaya tana riƙe miki alkawari a kan ƙanƙara. Ki roƙi 'ya'yan tsohon hutun mako guda. Aurika matar Kawu Nikulai ta taɓa riƙe wa wata aiki, ki roƙe ta. In sun ƙi, ki gaya musu wadda ta koya miki yadda ake juya ubansu ba tare da ya yi kuka ba ita ce ta rasu.

Ki gaida Kawu Nikulai da matarsa Aurika, ki ce Inna na tambayar ciwon sugansa. Ki gaida Petrika, ki ce babur ɗinsa na nan ban sayar ba tukuna. Goggo Safta na gaishe ki, ta ce gaisuwar ma aro ce sai kin zo. Kaka Veta da Fada duk suna gaisuwa. Inna ta ce ki riƙa sa safar.

Arba'in ya faɗo ranar Lahadi ta biyu daga yau. Bayan coci za a raba dafaffiyar alkama, a gangara rafi da kyandirori a kan ɓawon kabewa, kuma kafin a sake su a ruwa Goggo Safta za ta tambaya sau uku, a gaban kowa, wa ta ɗebo wa Smaranda ruwa. Inna ba za ta amsa ba, ta ce ba huruminta ba ne. Ni ma ba zan amsa miki ba. In kina tsaye a bakin rafin da sanda a kafaɗa, ki amsa. In ba kya nan, zan kira ki, in buɗe muryar wayar, in ɗaga ta sama yadda har Kaka Veta za ta ji, ki gaya wa ƙauyen nan da bakinki ko kin ɗauka ko kin sauke. Ranar kada ki ce mini tsoho na kira.

Ƙaninki da ke jiran motar Mitika,
Stelian