Inna, Ranar da Na Ajiye Kunya Saboda Tagwayen Zainabu

Assalamu alaiki Inna, tare da gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta. Shekara tara ke nan da rasuwarki, yau kuma ina da labarin da ba wanda ya cancanci ya fara ji sai ke.

Kin sha gaya mini cewa tagwayen da na biyo ba su zo da rai ba. Ba a yi musu suna ba, amma kika nace a kira ni Gambo. Matan Ƙofar Marusa suka yi ta surutu, wai ina tagwayen da za a ce Gambo? Amsarki ɗaya ce kullum: "Ai na haihe su, ko ba su yi kuka ba."

To Inna, Zainabu 'yar farina, wadda kika goya, ta samu cikin tagwaye bara. Da aka ɗauki hoton cikin kowa ya yi ta guɗa, ni kuwa na tuna da naki biyun. Ma'aikaciyar awo ba ta ɓoye mana ba. Ta ce ko'ina a duniya, har ƙasashen masu hali, an fi rasa jariri a ciki idan tagwaye ne, balle irin na Zainabu da suka haɗa mabiyiya ɗaya. Tun ranar ban bari awo ɗaya ya wuce ta ba. Kin san alkunyar 'yar fari, ko sunanta ban taɓa kira ba, amma ni ce a gefenta cikin keke napep, ana ta yi mini dariya wai Gambo ta zama 'yar boko.

Cikin yana wata takwas, wata safiyar Talata likita ya duba, ya ce bugun zuciyar ɗaya ya yi rauni, sai an yi aiki yau. Mijinta Malam Sanusi ne zai sa hannu. Yaron kirki ne, amma ya tsorata, yayyensa kuma suna ta bugo waya wai a danginsu ba a yanka mace, a jira naƙuda. Ya tsaya riƙe da biro kamar an dasa shi.

Ke kika koya mini kunyar suruki. Shekara uku ban haɗa ido da shi ba, in ya shigo gaisuwa ta bayan labule nake amsawa. Ranar na taka har gabansa a gaban jama'a, na dube shi, na ce uwata ta jira naƙuda ta binne biyu, ni ba zan jira ba. Wallahi Inna, muryata har ƙarshen baranda. Ya sa hannu.

Da aka turo ta za a shiga da ita ɗakin tiyata, na kama goshinta na ce, Zainabu, ina nan. Ta zaro ido, don ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba.

Hassana ta fito da kuka. Husaina sai da aka sha fama kafin ta yi numfashi, ta yi kwana goma sha ɗaya a kwalba. Likita ya ce da an kai gobe, da wuya a same ta.

Har yau wasu na cewa na yi rashin ta-ido. Su yi ta faɗa. Ina alfahari da abin da na yi, kuma ban nemi afuwar kowa ba. Jiya Sanusi ya zo, na koma bayan labulena, shi kuma ya durƙusa ya daɗe bai tashi ba.

Yanzu haka ina rubutu Husaina tana kan cinyata, tana tsala kukan da ya hana maƙwabta sakat, ni kuwa ban ma yi niyyar rarrashinta da wuri ba.

Allah ya jiƙanki Inna, ya haskaka kabarinki, ya sada ki da naki biyun, ya raya mana waɗannan.

'Yarki,
Gambo