Ranar da Surukina Ya Miƙe Tsaye

Yaya Fumie,

Ina gaisuwa. Ya Inna da ƙafarta? Mu nan Akita lafiya lau.

Watan jiya ma'aikaciyar inshorar tsofaffi ta zo duba irin taimakon da surukina yake buƙata. Mutumin da wata shida ni nake ɗaga shi, sai ga shi ya miƙe, ya rusuna, har da zuba mata shayi. Ta ce, "Wanka fa, Baba?" Ya ce, "Da kaina nake yi, 'yar nan." Ta rubuta abinta kamar ba ta da ido.

Yau takarda ta iso: wai bai cancanci mai yi masa wanka ba.

Ki aiko mini da maɗaurin ƙugun nan na Inna, ko da yake bayana da sauƙi. Bari in tsaya nan, jarumin yana kira a kai shi banɗaki.

Ƙanwarki,
Tomoe