Motar Da Keke Zai Shiga

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da jikokin nan naki masu hana ki sakat. Yaya gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin yi ƙorafi cewa in kin kira ba na wuce "lafiya lau" da "da sauƙi". Gaskiyarki. Gidan ne, duk abin da aka faɗa a kicin ana jinsa a falo, mijin nawa kuma a falo yake wuni, kunnensa kuwa ba abin da ya same shi. Shi ya sa na ɗauki biro a ɗakin malamai, yara sun fita hutu.

Jikin nasa yana nan yadda kika bar shi. Ɓarin dama bai dawo ba. Hannun hagu da ƙarfinsa, yana cin abinci da kansa, yana canza tashar talabijin. Magana kuwa kalma ɗaya ko biyu, wani lokaci abin da ya nufa daban, abin da ya fito daban, sai ya kawar da kai.

Zancen mota ne ya sa na rubuto. Kin san tun da muka yi aure bai taɓa barin kowa ya taɓa masa sitiyari ba, har kika sa masa Direba, sunan ya bi shi. Lasisina a jaka ya tsufa. To yanzu ni ke tuƙi. Motar tasa gajera ce, mutum kusan a ƙasa yake zama. Duk ranar gashin ƙashi a asibiti sai na ƙwanƙwasa wa maƙwabcinmu tela, ya kama kafaɗu, in kama ƙafafu, mu cusa shi kamar buhu. Keken guragun nasa ma ba ya shiga but ɗin motar sai an cire masa taya. Makon jiya telan ya yi tafiya, na ce bari in gwada ni kaɗai. A gida na samu ya shiga. A bakin asibiti ya zame mini tsakanin ƙofa da keke, ya zauna a ƙasa, mutane suna wucewa. Bai ji ciwo ba. Hularsa ta faɗi, wata mata ta ɗauka ta mayar masa a karkace. Na tsaya ina kallon hular. Na san ya kamata in ji kunya, ko tausayi, ko in yi kuka. Wallahi Yaya abin da ke raina shi ne ko na cire dutsen guga daga wuta kafin mu fito.

Matar da ke masa gashi ta ja ni gefe ta ce in na ci gaba a haka, nan gaba gado biyu za a nema. Ta ce in nemi mota mai tsayi da faɗin baya. Haƙƙinsa na wurin aiki ya fito, don haka abin ba zai gagara ba.

Jiya da aka tashi makaranta na biya ta wurin sayar da motoci. Gilasai ko'ina, ƙasa tana sheƙi, sanyi kamar firji. Mai sayarwar matashi ne mai fara'a, turarensa ya riga shi isowa. Ya nuna mini guda uku masu tsayi, ya buɗe ya rufe, ya yi ta bayani. Ya ce hanya biyu ce. Ko in saya ta zama tawa, ko in ɗauka haya ta dogon lokaci, ina biya duk wata, gyara nasu ne, in wa'adi ya cika in mayar musu. Ya ce abin ya danganta da tsawon lokacin da zan buƙace ta. Ya ɗaga biro yana murmushi ya tambaye ni shekara nawa.

Na tsaya. Ya ɗauka ban gane ba ne, ya maimaita a hankali: biyu, uku, ko biyar. Na ce masa zan yi shawara. Na fita na zauna a motar Direba, ban tayar ba, har mai gadi ya zo ya leƙa ya ga ko lafiya.

Ki gaida kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarki ta zo, na karanta a mota kafin in shiga gida. Na ji gwiwa ta sauka, alhamdu lillahi. Man zafin da kika aiko ya iso, ina shafa wa bayana, ba shi ba.

Kin ce in tara maza a yi shawara. Na tara. Dogo ya zo daga wurin aikinsa ƙarshen mako, ƙanen Direba ma ya zo. Kin san ɗana, kin san baffan nasa, sai ki ƙiyasta.

Akwai abin da ban gaya miki ba wancan karon don ni ma ban sani ba. Na koma wurin motocin na faɗa wa matashin gaskiyar lamarin. Ya ce akwai masu gyara da ke yanka ƙasan motar ta baya su saukar da shi, su sa faranti na ƙarfe mai saukowa, a tura mutum da kekensa ciki a ɗaure. Ba ɗagawa, ba cicciɓa. Amma motar haya ba a huda ta ko da ƙusa ɗaya, yadda aka ba ka haka za ka mayar. In haya ce, sai dai mu ci gaba da ɗaga shi, ko da yake kujerar ta fi tsayi. In yanka ake so, sai an saya. Wadda aka yanka kuwa, ranar da aka tashi sayarwa, ba kowa ke kallonta ba.

Dogo ya ce haya, shekara biyu. Ya ce Babansa zai tashi, ya ga wani a waya da ya fi shi tsanani yanzu yana gudu. Ya ce yanka sabuwar mota daidai yake da a ce wa mutum ya zauna a keke har abada. Ƙanen ya ce a daina yaudarar kai, a saya a yanka, ya kawo misalin kawunsu da ya yi shekaru a kwance. A falo suka yi wannan, Direba yana zaune tsakaninsu. Murya ta hau. Dogo ya ce wa baffansa ashe har ya gama da ɗan'uwansa, ƙanen ya ce shi da ke zuwa sau ɗaya a wata bai san nauyin ubansa ba. Direba ya ɗauki rimot ya ƙara ƙarar talabijin har ba mai jin wani. Labarin yanayi ake yi.

Ni ina tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu. Dukansu biyu suka juyo suna jiran in goyi bayan wani. Na tambaye su ko a ƙara ruwan zafi.

Da muka koma asibiti na tare likita a baranda na tambaye shi kai tsaye. Ya ce wasu suna samun ci gaba, wasu suna tsayawa, wasu kuma abin yana sake dawo musu, kuma Allah ne masani. Na ce masa ba fatawa nake nema ba, mota zan ɗauka. Ya dubi takalminsa ya ce in da matarsa ce ke ɗagawa, zai so a daina ɗagawar.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke: haya tana da fassara biyu. Dogo yana ganin nan da shekara biyu ba za mu buƙaci motar ba saboda Babansa ya miƙe. Ni kuma da matashin ya ce shekara biyu, ɗaya fassarar ce ta fara zo mini. Ta zo, ta zauna, ban kore ta ba, ban kuma firgita ba. Na ci gaba da duba launukan da ke cikin takardar talla. Ko haka kike ji lokacin jinyar Inna? Ban taɓa tambayarki ba.

Dogo ya koma bai yi wa baffansa sallama ba.

Taki,
Auta

Yaya,

Sallama. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar mutanen gida. Na gode da abin da kika rubuta game da Inna. Ban san kin kai shekara ba ki iya jin ɗanɗanon abinci ba. Da na sani da na riƙa zuwa fiye da yadda na yi.

Kin tambaye ni ko wani ya tambayi Direba ra'ayinsa. Babu. Na karanta layin nan na ajiye takardar. Washegari na roƙi tela, muka cusa shi a mota, muka tafi wurin motocin.

Tun da ya kwanta ban ga ya ɗaga kai haka ba. Matashin ya taho da fara'arsa, ya gaishe shi da ƙarfi kamar kurma, sannan ya juyo yana yi mini bayani ta saman kansa. Direba bai kula shi ba. Ya nuna mini in tura shi kusa da ta farko. Ya ƙwanƙwasa taya da bayan hannu, ya sunkuya iya yadda zai iya ya leƙa ƙasa, ya sa aka buɗe gaba ya daɗe yana kallon inji. Ya girgiza kai. Ta biyu ko tsayawa bai bari na yi ba. A ta uku, wata mai ruwan toka, ya nuna ƙofar direba.

Tela ya kalle ni, matashin ya fara kame-kame. Duk mun ɗauka so yake a zaunar da shi a gaban sitiyari. Na sunkuya zan lallashe shi, sai ya kama hannuna ya tura ni. Ya ce, "Ke."

Na shiga na zauna. Ya sa tela ya matso da shi dab da ƙofa. Ya nuna ƙafata, na taka birki, ya ga ina miƙewa kafin in kai. Ya nuna ƙasan kujera, matashin ya ja ta gaba. Ya nuna sama, aka ɗaga ta. Ya sa na dubi madubi, ya sa tela ya je ya tsaya a baya ya ɗaga hannu, sai da na ce ina ganinsa. Ya sa na juya sitiyari har ƙarshe ya ga ko kafaɗata tana wahala. Bayan motar, inda shi zai zauna, ko kallo bai yi ba.

Matashin ya ɗauko takardunsa ya fara bayanin haya da saye, wannan karon shi yake kallo. Direba ya bar shi ya kai ƙarshe. Sannan ya yi ta kokawa da bakinsa, kalmar ta ƙi fita, wata ta fito ya girgiza kai, ya sake. Ba wanda ya taimaka masa. Can ya ce, "Saya." Ya huta. Ya nuna ni ya ce, "Sunanta."

Yaya, ba auna motar ya yi da jikinsa ba, da nawa ya auna. Na gane abin da yake lissafawa, shi ma ya ga na gane. Na sa hannu a inda aka nuna mini. Matashin ya taya mu murna, ya ba mu lema mai tambarin kamfani.

A hanyar dawowa ya yi barci, kansa a jikin gilashi. Na kira Dogo na gaya masa, na ce Babansa ne ya zaɓa. Ya ce to, ya kashe.

A gaida maigidan da yara.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, yara suna jarrabawa, ni ke tsaronsu.

An yanka motar. Na kai ta garejin da kaina, ko ledar kujeru ba a cire ba. Mai waldan ya zana layi da alli a ƙasan baya, ya ɗauki injin yankan, sannan ya tsaya ya tambaye ni ko na tabbata, don in ya fara ba komawa. Na ce ya fara. Tartsatsi ya tashi. Na tsaya har ƙarfen ya faɗo ƙasa, na hangi simintin gareji ta cikin sabuwar motata. Ya ce in je in zauna a inuwa, na ce nan ma ya yi.

Tsohuwar kuma wani malami abokin aikina ya saya. Direba ne ya miƙa masa makulli da hannun hagu.

Ranar da aka dawo da ita Dogo ya zo ba sanarwa. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ja farantin ya sauko, ya taka shi da ƙafa ya ji ƙarfinsa. Ya shiga falo ya turo Babansa, ya hau da shi, ya durƙusa yana ɗaure tayoyin keken. Ya daɗe a durƙushe fiye da yadda ɗaurin ke buƙata. Direba ya ɗora masa hannu a ka.

Ni ina gaba, na riga na tayar, ina kallonsu ta madubi. Na jira in ji wani abu. Abin da na lura da shi kawai shi ne bayana ba ya ciwo, kuma ban ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba.

Mun isa gashi da wuri, ba a ma buɗe ba. Muka zauna mu uku a cikin mota muna jira.

In gwiwa ta bar ki, ki zo. Akwai kujera a gaba, ba mai zama a kanta.

Ƙanwarki,
Auta