Jikata Ta Gyara Bene, Ubanta Ya Yi Shiru

An kashe janareta a benenmu, kuma ba ma jin zafi! Afuwan Malama, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Ina gaishe ki, ina kuma neman taimakonki a wannan fili naki na ba da shawara.

Ni tela ne, shagona na hawa na biyu a wani tsohon benen kasuwanci. Da furfurata na shiga ajin yamma, sai ki yi haƙuri da rubutuna.

Mai benen ya so rushe shi, sai jikata da ta karanci zanen gini ta ce a ba ta dama. Yarinyar da nake tsokana da cewa ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa! Ta sa aka huda tagogi can sama kusa da silin, zafi yana fita ta nan. Aka shafa wa rufi farin fenti, aka jera faifan sola, aka haɗa indararo da tanki, ruwan sama ke wanke mana banɗaki. Yanzu da rana ina zura zare a allura ba tare da kunna kwan fitila ba. Mai askin da ke ƙasa da ni har barci yake yi a kujerar kwastoma.

Ga damuwar. Janaretan nan ubanta ke kula da shi, ɗana na fari. Shekara da shekaru shi ke ba shaguna wuta. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa, har a gabansa na ce wa baƙi mun huta da hayaƙi da ƙara. Tun ranar daga bakin ƙofa yake gaishe ni, ya daina zama a bencina. Ita kuma an ba ta wani benen ta gyara, ta ce ba za ta karɓa ba muddin babanta bai saki rai ba. Yaya zan yi? Kuma don Allah ke da masu karatu ku zo ku ga ginin nan, ku sha iska.

Kaka Tela

Baba, barka da arziki. Jikarka ta yi abin a yaba, ta raya gini, ta bar ku da shagunanku. Kada ka rage murnarka.

Amma ka duba ɗanka. Sana'arsa ta tsaya, sannan ya ji mahaifinsa yana kiranta hayaƙi da ƙara. Da wannan hayaƙin ya karantar da yarinyar da kake alfahari da ita. Na san iyaye da kunyar ɗan fari: jika a yabe ta a bainar jama'a, shi kuwa ko sannu da ƙyar. Ina zaton bai taɓa jin yabonsa daga bakinka ba.

Kada ka aika a kira shi. Ka sauka da ƙafarka har ɗakin janareta, ka ce masa bakinka ya yi kuskure, ka gode masa da wutar da kekenka ya yi ɗinki da ita.

Batun aiki kuma, sola ma tana son mai kula da batura da wayoyi. Amma kada kai ka yanke masa. Bari 'yarsa ta je ta roƙe shi ya duba mata, in ya ƙi a ƙyale shi ya yi tunani. Ita kuma ta karɓi sabon benen, domin babu uban da zai so a ce shi ya tsayar da 'yarsa.

Daga yau, duk baƙon da ka zagaya da shi, ka faɗa masa 'yar wane ce. Allah Ya daidaita ku, Ya ƙara wa yarinya basira.